Shekara uku ina tankaɗe jinin ƙanin raƙumi

Ranar da aka ɗebo jinin ban taɓuka komai ba sai riƙon akwati. Likitan dabbobi ne ya riƙe wuyan alfakar, wata dabba dangin raƙumi, ya aske 'yar gashin wajen jijiya, ya ɗebi mililita 100 a cikin kwalabe, ya miƙo mini yana gargaɗina kada in kuskura in sa a ƙanƙara, fararen ƙwayoyin jini ba sa son sanyi. Ita kuwa dabbar ta kalle mu a wulaƙance, irin kallon nan na raƙumi idan an sauke masa kaya, ta koma ga ciyawarta. Mako shida ke nan ana yi mata allura, duk mako sau ɗaya, da wani furotin mai suna HER2, wanda ake samu jibge a jikin ƙwayoyin wata muguwar sankarar mama. Jikinta ya ɗauke shi a matsayin baƙo, ya ƙera masa makamai. Waɗannan makaman na zo ɗauka, a wata gona da ke bayan gari a Beljiyam, cikin yayyafin da ba ya ƙarewa.

Da daddare na kira Baba a Kano. Da ya ji abin da na wuni ina yi sai ya yi dariya har da tari.

"Uwata, kakanki ya kori raƙuma daga Bilma zuwa nan da gishiri a bayansu, aka sa ku boko don ku huta, ashe ke can ma raƙumin kika je bi?"

Na ce ba raƙumi ba ne, Baba, ƙaninsa ne na Kudancin Amurka, ba shi da tozo. Ya ce ai ɗan gida ɗaya ne, in gaishe shi.

Gaskiyarsa ce, har a fagen ilimi. Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa, siffarsa kamar gwafa: hannu biyu masu cafke baƙo, da ƙafa ɗaya mai kiran sauran mayaƙan jiki su zo su gama aiki. Na mutum da na ɓera da na saniya duk sarƙa huɗu ne, biyu manya, biyu ƙanana. A Jami'ar Vrije ta Brussels, wajen ƙarshen shekarun 1980, aka ba ɗalibai aikin ware antibodi daga jini, suka ƙi taɓa na mutum don tsoron ƙanjamau, sai aka lalubo musu ruwan jinin raƙumi da ke ajiye a firiza. A ciki aka ga abin da babu shi a littafi: antibodi mai manyan sarƙa kaɗai, babu ƙananan. Raymond Hamers da Cécile Casterman da abokan aikinsu suka wallafa shi a 1993. Bakin da ke cafkewa a irin wannan antibodi ɗan guntu ne guda, nauyinsa kashi ɗaya cikin goma na cikakken antibodin mutum, ga jure zafi, ga sauƙin sarrafawa. Shi ake kira nanobodi. Raƙumi da lama da alfaka duk suna da shi.

Aikina na digirin digirgir shi ne in samo nanobodin da zai kama HER2 a wurin da maganin da ake da shi ba ya kamawa, in gina shi ya zama cikakken magani, in ga ko zai kashe ƙari. A takardar neman tallafi layi uku ne.

Dalilin zaɓar HER2 ba ɓoyayye ba ne. Lafiyayyar ƙwaya tana ɗauke da kamar 20,000 nasa a fatarta, ita kuwa mai sankara takan kai miliyan 2, kuma duk ɗaya yana aika mata saƙon ta rabu, ta ƙara rabuwa. Kusan mace ɗaya cikin biyar ko shida masu sankarar mama irin wannan ce ke gare su. Dennis Slamon ya nuna a 1987 cewa su ne cutar ta fi saurin dawo wa. Kamfanin Genentech ya samu wani antibodin ɓera mai lamba 4D5 da ke kama HER2, amma antibodin ɓera ba ya zama lafiya a jikin mutum, garkuwar majiyyaci takan gane baƙo ne ta taso masa. Tun da Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da antibodi iri guda tsantsa a Kambirij a 1975 ake fama da wannan matsala, sai a 1986 Greg Winter ya nuna za a iya ciro 'yan madaukan da ke bakin antibodin ɓera kawai, a dasa su a jikin na mutum. Haka aka yi wa 4D5 a 1992, ya zama trastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 da sunan Herceptin. Kwalbarsa tana firijinmu, da shi muke gwada duk abin da muka ƙera. Shugabar ɗakin gwajinmu ta kan ce duk wanda bai kamo ƙafarsa ba, babu dalilin da zai sa a soka wa mutum shi.

Daga jinin na ware fararen ƙwayoyi, na fasa su, na ciro RNA, wato kwafin umarnin da kowace ƙwaya ke bi wajen ƙera nata antibodin. Sai a mai da shi DNA, a ninka ɓangaren nanobodi kaɗai da injin PCR. A kan jel, wani abu mai kama da kamu da ke raba DNA bisa tsawo, layi biyu ke fitowa, na sama na antibodi irin na kowa, na ƙasa na masu babbar sarƙa zalla. Na ƙasan ake yankowa da reza. Daga nan a ɗinke kowane guntu a jikin DNA na wani bairas mai suna M13, wanda ba ruwansa da mutum, bakteriya yake kamawa. Siriri ne kamar zare. Dabarar George Smith ce ta 1985, Winter da mutanensa suka ɗora antibodi a kai a 1990, kuma da ita Smith da Winter suka samu kyautar Nobel a 2018: kowane bairas zai fito da nanobodi guda a kan hancinsa, umarnin ƙera shi kuma yana cikin cikinsa. Idan ka kama mai hancin da ya dace, ka kama har da takardar gadonsa.

Shigar da DNA cikin bakteriya da wutar lantarki ake yi, a ɗan ƙaramin kofi mai bangon ƙarfe. Idan da ragowar gishiri a ruwan, sai ka ji tas, ka ga walƙiya, ƙaurin ƙuna ya tashi, duk bakteriyar sun mutu. Sau huɗu a jere na ji wannan tas ɗin a yammaci guda. Mai kula da kayan ɗakin, wani dattijo da ya shekara talatin a wajen, ya leƙo ya ce in tafi gida, gobe in sake wanke DNA ɗin sau biyu. Jikar fataken gishiri, gishiri ya hana ta aiki. A mako na biyu na samu taska mai nanobodi daban-daban kusan miliyan 100. Mafi yawansu babu ruwansu da HER2, makaman da alfakar ta ƙera ne don tsutsar ciki da ƙurar ciyawa da duk abin da ta taɓa gamuwa da shi tun haihuwa. Allura cikin ruwa ke nan.

Tsamo allurar shi ne abin da na fi daɗewa a kai, kuma ban san sunan da ya fi dacewa da shi ba irin tankaɗe da rairaya. Ana shafa furotin HER2 a gindin 'yan ramukan faranti na roba, a bar shi ya kwana a firij. Da safe a cika ramin da ruwan garin madara, irin wadda aka cire wa mai, don ta toshe duk wani fili da ya rage a robar. Da na fara ganin gwangwanin madarar kanti a kan teburin da ke da injin miliyoyin kuɗi, na zaci ta shayi ce. Sai a zuba taron bairas, a ba su awa ɗaya ko biyu, a zubar, a wanke da ruwan gishiri mai ɗan sabulu. Wanki goma a zagayen farko, ashirin a na biyu, a na uku har hannu ya gaji. Wanda ya kama da gaske yana nan maƙale, sauran sun bi ruwa. A saki waɗanda suka rage, a ba su bakteriya su hayayyafa cikin dare, gobe a sake. Kowane zagaye kwana biyu zuwa uku.

Bayan zagaye na uku na tsinci ɗaiɗaikun bakteriya da tsinken sakace, kowace a raminta, faranti biyu masu rami 96. Gwajin da ke nuna wanda ya kama launi yake bayarwa: ramin ya yi shuɗi, in an ɗiga asid ya koma ruwan ɗorawa. Ina tsaye faranti ya soma shuɗewa, rami bayan rami, kusan gaba ɗaya. Na ɗauki hoto na tura wa yayata, na rubuta mata an gama.

Kwana biyu bayan nan murna ta koma ciki. Furotin HER2 da muka saya an haɗa shi da wata jela, ƙafar antibodin mutum, don a ji daɗin tace shi. Da shi aka yi wa alfakar allura, da shi kuma na yi tankaɗen. Shugabata ta tambaye ni a taron mako ko na gwada su a kan jelar ita kaɗai. Ban gwada ba. Da na gwada, faranti ya sake yin shuɗi tsaf, ba tare da ɗigon HER2 a ciki ba. Wata biyu na yi ina tara masu kama jela. Babu wanda ya yi mini faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Dattijon nan ya ce kowa da ranar da ya yi wannan, shi nasa masu kama robar farantin ya tara.

Na sake daga farko, da wayo wannan karon. Kafin bairas su ga HER2, sai in fara zuba su a kan jelar zalla, masu sonta su maƙale, in kwashe ruwan sama. Zagaye na biyu kuma ban yi da furotin na kwalba ba, na yi da ƙwayoyin sankara masu rai, domin furotin da aka shanya a roba yakan lanƙwashe ya nuna fuskar da ba ita yake nunawa a jikin ƙari ba. Akwai layin ƙwayoyi mai suna SK-BR-3, da aka samo daga wata majiyyaciya a 1970, HER2 ya yi musu katutu. Ana fara ratsa bairas ta cikin ƙwayoyin da ba su da HER2, sannan a kai ragowar kan SK-BR-3. Wannan karon ramuka kaɗan ne suka yi launi. Da aka karanta DNA ɗinsu, da yawa maimaicin juna ne, iyalai goma sha ɗaya suka rage. Shida suna rububin wuri ɗaya da trastuzumab, na ajiye su gefe. Cikin biyar ɗin da suka saura, biyu suka yi fice, na kira su da lambar ramin da na tsince su: B7 da F3.

Akwai injin da ke auna ƙarfin kamu. Ana manna HER2 a kan ɗan gilashi mai rufin zinare, a kwararo nanobodi a kai, allon kwamfuta ya zana layi yana hawa lokacin da yake kamawa, yana sauka lokacin da yake saki. Layin F3 ya hau, ya gangaro a hankali kamar kowa. Na B7 ya hau ya miƙe, minti ashirin bai sunkuya ba. Ya fi F3 riƙo kusan sau talatin. Na buga hoton na manna a bangon teburina. Zuciyata ta riga ta zaɓa, kuma wannan ne kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko tsada.

Nanobodi shi kaɗai ba ya daɗewa a jini. Ƙoda tana tace duk furotin da bai kai wani girma ba, shi kuwa ƙarami ne ƙwarai, cikin 'yan awoyi ya fita a fitsari. Don ɗaukar hoton ƙari wannan alheri ne, don magani kuwa asara. Cikakken antibodin mutum yakan yi kamar mako uku kafin rabinsa ya ƙare, saboda girmansa da kuma wani mai karɓa a cikin ƙwayoyin jiki da ke cafke ƙafarsa ya mai da shi jini maimakon a narkar da shi. Saboda haka na ɗinka kowane nanobodi a kan ƙafar antibodin mutum, wato jelar nan da ta ci mini wata biyu, yanzu kuma ita nake nema. Sai kuma mayar da shi ɗan gida: a bi jerin amino asid ɗinsa, wato tubalan da ake gina furotin da su, ɗaya bayan ɗaya, duk inda na alfaka ya saɓa da na mutum a canza. Ba duka ake canzawa ba. Akwai wurare huɗu a gefen da, a antibodin mutum, ƙaramar sarƙa ke jingina. Raƙumi da ba shi da ƙaramar sarƙa ya sauya su da masu son ruwa, shi ya sa nasa ke narkewa lafiya shi kaɗai. Ka mai da huɗun nan duka irin na mutum, ka tone wajen da ke da danƙo. Na canza biyu, na bar biyu.

Irin wannan babban furotin bakteriya ba ta iya ƙera shi yadda ya kamata, sai ƙwayar dabba. Kusan duk masana'antar duniya da ƙwayoyin CHO take aiki, waɗanda Theodore Puck ya ciro daga gidan ƙwan wata 'yar hamsta ta ƙasar Sin, dangin ɓera, a 1957, suna ta rabuwa har yau. A kamfanoni tankunan ƙarfe ne masu lita dubu goma ko fiye. Nawa kwalba ce mai rabin lita, tana jujjuyawa a injin ɗumi a ma'aunin 37, kwana takwas. Ruwan da aka tace ana ratsa shi ta bututu mai ɗauke da furotin A, wanda asalinsa daga fatar bakteriyar nan mai sa maruru aka samo shi. Ita ta ƙirƙire shi don ta riƙe antibodi ta ƙafa ta hana shi aiki, mu kuma muka karɓe dabarar. Antibodi ya maƙale, datti ya wuce, a sako shi da ruwa mai tsami, a yi maza a kashe tsamin.

F3 ya fito garau kamar ruwan randa. B7 kuwa ina kashe tsamin na ga bututun ya yi hazo, kamar an ɗiga nono a ruwa. Na ce wa kaina kuskuren hannu ne. Na sake, ya sake. A injin da ke raba furotin bisa girma, F3 ya ba da tsauni guda siriri, B7 ya ba da tsauni da wani tudu a gabansa, alamar sun dunƙule da junansu. Dunƙulallen antibodi ba ya shiga jikin mutum: yana tsokano garkuwar jiki, ba ya ajiyuwa, kuma maganin da za a ba majiyyaci dole ya jure a cusa shi da yawa a ruwa kaɗan, ya zauna a firij shekara da shekaru. Da muka duba siffarsa a kwamfuta, madaukinsa na uku, wanda ya fi tsawo, yana da amino asid uku masu gudun ruwa a jere, sun leƙo waje. Su ne ke nutsewa cikin wani lungu na HER2 su riƙe gam. Su ne kuma, in babu HER2 a kusa, ke manne wa ɗan'uwansu, ko bangon kwalba, ko duk abin da suka samu.

Wata bakwai na yi ina lallashin B7. Na canza na farko, danƙo ya ragu kaɗan, riƙo ya faɗi sau goma. Na canza na tsakiya, ya daina kama HER2 ɗungurungum. Na sa masu caji a gefensu don su riƙa tunkuɗe juna, na sauya ruwan ajiya, na ƙara sukari, na ƙara arjinin. Iri ashirin da uku na ƙera. Wanda ya narke lafiya bai fi F3 kamu ba, wanda ya fi F3 kamu bai narke ba. A gwajin da ake zuba antibodi kan abubuwan da ba nasa ba, irin su insulin da DNA, don a ga ko yana da kwashe-kwashe, B7 na asali ya kama kusan kowanne. Shugabata ba ta taɓa cewa in bari ba, sai dai duk wata ta tambaye ni F3 fa, yana ina. Yana firiza, ban ko kalle shi ba.

Abin da ya raba ni da B7 wani gwaji ne da ban yi don shi ba. Muna curo ƙwayoyin sankara su zama 'yar ƙwallo kamar ƙwayar gero, mu sa wa antibodi launi mai haske, mu duba da madubin ƙara girma yadda yake ratsawa. B7 ya zana zobe mai ƙyalli a bakin ƙwallon, cikin kuwa duhu. Duk wanda ya iso ya cafke ƙwayar farko da ya tarar ya ƙi saki, na bayansa ma haka, babu mai wucewa ciki. F3 da yake yana kamawa yana saki, ya sake kamawa a gaba, haskensa bai kai na B7 ba amma ya kai har tsakiya. Masana sun san wannan tun shekarun 1990, har suna da sunan da suke kiransa, shingen wurin kamu, kuma na karanta shi a shekarata ta farko. Karantawa daban, ganin zoben a allonka da ƙarfe tara na dare daban. Washegari na cire hoton daga bango.

Da na koma kan F3 aiki ya yi sauri, har na ji kunya. Tambayar da ta rage ita ce kisa, domin kamu kaɗai ba ya kashe ƙari. F3 bai hana ƙwayoyin rabuwa sosai ba in shi kaɗai ne. Ƙarfinsa a ƙafa yake: idan ya lulluɓe ƙwayar sankara, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK, makasa na halitta, sukan kama ƙafafun su huda ƙwayar. Muna karɓo jinin masu ba da gudummawa daga bankin jini, mu ware NK, mu haɗa su da ƙwayoyin sankara awa huɗu, mu ƙirga gawa. A nan ne injiniyanci ya nuna kansa. A ƙafar kowane antibodi, a amino asid na 297, akwai wani reshen sukari, a gindinsa kuma ɗan sukari guda mai suna fukos. Cire wannan ɗaya tak yana sa NK su riƙe ƙafar da ƙarfi ninki da yawa, har hamsin a wasu gwaje-gwajen. Obinutuzumab, maganin sankarar jini da aka amince da shi a 2013, da irin wannan gyaran aka yi shi. Na zuba wa ƙwayoyin CHO wani sinadari mai kama da fukos wanda ke toshe musu hanyar saka shi, F3 ya fito babu fukos, kuma ya kashe adadin ƙwayoyin da na da yake kashewa da kashi kaɗan na yawan maganin. Na so in yi rawa, sai na tuna margetuximab, wanda shi ma ƙafarsa aka gyara don wannan manufa, aka amince da shi a 2020, amma a jikin mata fifikonsa kan trastuzumab bai taka kara ya karya ba. Faranti ba mutum ba ne.

Ɓera ma ba mutum ba ne, amma sai an bi ta kansa. Wata huɗu muka jira izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi, na kuma yi kwas na musamman kafin a bar ni in taɓa ko ɗaya. Ɓerayen marasa gashi ne, garkuwarsu naƙasasshiya, don kada su ƙi ƙwayoyin mutum da aka dasa musu a ƙarƙashin fata. Sau biyu a mako ina auna ƙarin da ma'aunin ƙarfe, tsawo da faɗi, ban san wane keji ke karɓar wane magani ba, wata abokiyar aiki ce ke riƙe da takardar. Ɗumin jikinsu a tafin hannu bai bar ni na saba ba har aka gama. Ranar da aka buɗe takardar: waɗanda aka ba ruwan gishiri ƙarinsu ya yi ta girma, na trastuzumab ya tsaya, na F3 ya tsaya daidai da shi, ba fifiko. Waɗanda aka haɗa wa biyun ne ƙarinsu ya motse ya koma baya. Da ma don haka muka nemi mai kama wani wurin daban, kamar yadda ake haɗa wani antibodi mai suna pertuzumab da trastuzumab tun 2012.

Akwai abin da ɓeran ba zai iya faɗa mana ba. F3 ba ya kama HER2 na ɓera, na mutum kaɗai ya sani. Tsokar zuciyar mutum kuwa tana da nata HER2 kaɗan, tana kuma buƙatarsa. Illar trastuzumab ga zuciya sai a gwajin mutane ta bayyana, musamman ga waɗanda aka haɗa musu da wani rukunin maganin kemo, shi ya sa har yau ake duba zuciyar mai karɓarsa duk bayan wata uku. Ni kuma na ƙara wa nawa kaifi. Ko kaifin zai tsaya a kan ƙari, ɓerayena ba su da amsa, sai an je ga biri, sannan mutum, da ɗan mitsitsin adadi. Duk wanda ke wannan fanni an ba shi labarin Maris na 2006 a Landan, inda aka ba maza shida masu lafiya wani sabon antibodi a adadin da ya gaza wanda birai suka jure sau 500, cikin awoyi garkuwar jikinsu ta haukace, duka shidan suka kwana a sashen kulawa ta musamman.

Yayata mai harhaɗa magunguna ce a wani asibiti a gida, ita ce kuma ba ta taɓa raga mini. Da na ba ta labarin sakamakon ta yi mini barka, sannan ta ce, "Ƙanwata, naku na gobe ne. Ni na yau ɗin ma kwalba-kwalba ake saye." Trastuzumab duk mako uku ake ƙara shi, tsawon shekara, wajen zuwa goma sha bakwai ko sha takwas. Ta ce tana ganin mata su yi uku ko huɗu, a sayar da fili, a yi biyu, daga nan ba ta ƙara ganinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin magunguna na dole a 2015, a Disamban 2019 kuma ta tantance kwafinsa na farko, tana mai cewa na asali yakan kai dala 20,000, kwafin kuma ya fi araha da kamar kashi 65 cikin ɗari. Na san inda wani ɓangare na kuɗin ke tafiya, na ga farashin cokali guda na furotin A. Na kuma san ba nan duka yake tafiya ba. Ban ba ta amsa ba, ita ma ba ta jira ba, ta koma zancen bikin ƙanwarmu.

Makon da na kare kundina na jera komai a akwatin kwali mai gida 81: DNA na F3, iri uku da na gyara, bakteriyar da ke ɗauke da su, da taskar nan ta miliyan 100, wadda har yanzu ba wanda ya san sauran abin da ke cikinta. B7 da 'ya'yansa ashirin da uku na ba su layi biyu da 'yan kai a ƙasa, na rubuta a murfin da jan alƙalami cewa yana dunƙulewa, kada a ɓata lokaci. Ɗalibin da zai gaje ni, wanda aka ɗora wa gwada ɗaura wa F3 guba don ya shiga da ita cikin ƙwayar, yana tsaye yana karanta takardun auna kamu. Ya tsaya a kan layin nan da ya miƙe bai sunkuya ba, ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko na gwada canza amino asid na gefen hagu.

Na ce na gwada. Ya ce da wanne? Na ja kujera na buɗe masa littafin aikina na shekara ta biyu, shafi na 140.